Na'urar da Malam Bai Riska Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka a nan Makera, in yi addu'a, in ji zuciyata ta yi sanyi. Bana sanyin ya ƙi zuwa. Shi ya sa na kawo maganar jarida, duk da magana ce da mace mai shekaruna ba ta saba faɗa a fili ba. Wanda ya ji kunya ya yi haƙuri, ni ma da kunyar nake rubutawa.

Malam ya yi aiki a masaƙar Kakuri har aka rufe ta, daga nan ya kama gyaran keken ɗinki. Mutum ne mai barkwanci da son ƙarfe. Ko rediyo lafiyayye ya gani sai ya kwance shi don ya ga yadda cikinsa yake. Wasu shekaru kafin ya rasu ƙarfinsa na ɗa namiji ya fara ja da baya. Muka riƙa zagaye zancen kamar yadda ake zagaye kwata a lungu.

Da ya gaji ya kai kukansa majalisa, abokansa suka yanke masa hukunci nan take: basir ne. A wajen mazanmu ai komai basir ne. Ciwon baya basir, jiri basir, ko gyangyaɗi mutum ya yi a masallaci sai a ce basir ya taso masa. Malam ya sha jiƙo a gora, ya sha gari a shayi, ya saya wajen masu mota da lasifika, waɗanda kan sa mu mata mu sunkuyar da kai mu ƙara sauri a bakin kasuwa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa, likita ya tambaye ni tun yaushe yake da hawan jini da ciwon suga. Na ce ba shi da ko ɗaya. Kallon da likitan ya yi mini har yau ban manta ba.

Bayan na fita takaba maƙwabciyata Madam Rifkatu, nas ce 'yar Kudancin Kaduna, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce sau da yawa raunin nan shi ne gargaɗin farko, domin jijiyoyin jinin wurin sirara ne, su suke fara toshewa kafin na zuciya. Ashe jikin Malam kiran likita yake yi, aka yi ta ba shi maganin basir. Na yi kuka ranar fiye da ranar da aka fita da shi.

Abin da ya hana ni sukuni yanzu shi ne ƙaninsa. Zan kira shi Sabi'u, shi ya san kansa. Keke Napep yake ja, yana kwasar ma'aikatan kamfanonin Kudenda safe da yamma. Kwanaki matarsa Rabi ta zo wurina, ta zauna tana ta murza bakin mayafinta, da ƙyar ta ce, "Yaya, shi ma fa abin ya fara." Ta ce ya bar gorar jiƙo, yanzu wata na'ura ya gani a wayarsa, a wani asibitin kuɗi can tsallaken kogi, ita ya sa a gaba.

Na koma wajen Madam. Ta ce sunan abin shokwef. Ba allura, ba wuƙa, wani ɗan hannu ne ake ɗorawa a wurin yana tura bugun sauti cikin jiki, a yi ta zuwa sau da dama, da fatan jini ya ƙara gudu. Ta ce wasu sun dace, musamman waɗanda abin bai yi nisa ba, wasu kuma sun koma gida yadda suka zo, likitocin ma ba su gama tsayar da magana a kansa ba. "Amma Hajiya," in ji ta, "mashin ɗin nan ba ya sauke BP, wato hawan jini, ba ya taɓa suga. Ya fara zuwa a duba shi tukuna, abeg, don Allah."

Tun daga ranar nake tambayar kaina, da Malam yana raye me zai ce? Na san da farko zai nemi a ba shi sukundireba ya ga cikin na'urar. Zai ji daɗi cewa an kai lokacin da namiji zai shiga ɗakin likita ya faɗi damuwarsa da bakinsa. Da ya riske ta, wataƙila son ƙarfe ya ja shi asibiti, wani ya kama hannunsa ya auna jininsa, da yanzu wani zancen ake. Wani lokaci kuma sai in ga a'a, da zai kwanta a yi masa, ya saka wandonsa ya fito bai tambayi komai ba. Tsorona ke nan da Sabi'u, kada na'urar ta zame masa sabuwar gora, mai jona wuta kawai.

To wa zai faɗa masa? Iyayensu sun rasu, yayansa ya rasu, Rabi tsoron ɓacin ransa take, majalisa kuwa mun san amsarta. Ni kaɗai na rage, don tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, kuma a cikin wasa ana faɗin abin da ba ya faɗuwa. Na tare kekensa a Kakuri na hau, na jira sauran fasinjoji suka sauka.

Na ce, "Ƙaramin miji, an ce za ka je a jona ka da lantarki."

Ya taka birki har na kusa buga goshi. Ya ce, "Matar Yaya, wallahi bar wannan maganar. Wa ya faɗa miki?"

Na ce, "Ba ruwanka. Ka je a yi maka, ban hana ba. Amma ka fara biyawa a auna jininka da suga."

Ya ce lafiyarsa ƙalau, ɗan basir ne kawai. Da na ji kalmar nan sai wasan ya ƙare mini. Ya sauke ni a ƙofar gida bai kalle ni ba. Har yau bai je ba, kuma ya daina zuwa gaishe ni.

Malam bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar 'ya'ya masu dariya irin tasa, ya bar kekunan ɗinki da har yanzu suke aiki daga nan zuwa Tudun Wada. Ni kuma ya bar mini sanin abin da ya kashe shi, kuma wannan gadon ba na ajiyewa a ɗaki ba ne. Idan kunyata ce kuɗinsa, na biya.

Sabi'u, na san kana karanta jarida a wajen mai shayi. Ka yi fushinka, ka canza hanya idan ka hango ni, zan ci gaba da tare ka. Na yi wa yayanka takaba, na san yadda take. Kada ka sa in zaunar da Rabi in koya mata.