Tsibiran da Na Riƙa Gogewa

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Kano ba, sana'ata gumi. Maigidana ya kawo shinkafa shanshera daga fadama, in jiƙa, in turara a rabin duro, in shanya a tsakar gida. Ni ba mai fita ba ce, duk labarin Haɗeja a bakin murhun nan yake iske ni.

Wata rana da hantsi ina tsiyaye ruwan duron, autata mai shekara shida ta biyo kaza a guje. Ruwan ya same ta daga gwiwa har idon sawu. Kafin in gama salati gida ya cika, wannan da ɗanyen ƙwai, wancan da gashin zomo. Maƙwabciyata, wata nas 'yar Filato da muke kira Sista, ita ta ture su duka, ta saɓi yarinyar a kafaɗa sai asibiti.

Da aka sallame mu aka ce in riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri kullum safe, ran Litinin mu koma. A can muka haɗu da wata likita daga Kano, yarinya ce ƙarama, siririya, wai bincike take kan yadda ƙuna ke warkewa. Sai ta shimfiɗa farar leda a kan ciwon, ta bi gefensa ta zana, ta rubuta ranar. Litinin uku tana ɗora leda kan leda, zanen bai motsa ba. A ta ukun ta ce, "Mama, in nan da sati biyu bai fara rufewa ba, sai Kano. Za a yanko fata a cinyarta a dasa."

Ƙafa ɗaya ta ƙone, a kuma yanki ɗayar? Don kada ta zaci sakacina ne, na ce, "Likita, ni fa ba ƙazama ba ce, tambayi Sista. Kullum sai wasu ɗige-ɗige farare sun fito a tsakiya kamar tsakin gero, ni kuwa in sa auduga in dirje su tas."

Likita ta ajiye biro. Sista, da ta rako mu, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Maman auta, kin kashe ni!"

"Me na yi?"

Likita ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce, "Mama, a gindin kowane gashi akwai wasu ƙwayoyi..."

Na ce, "To a rubuta mana, babanta ya sayo a kemis."

Sista ta yi dariya har da hawaye. Likita ta ce ba na haɗiya ba ne. Sannan ta tambaye ni, in ruwa ya fara janyewa daga fadama, ina ne kan fara tsirowa? Na ce ai tudu-tudu ne kan fara leƙowa, tsibiri nan tsibiri can, su yi kore, su yi ta faɗi har su haɗe.

Ta ce, "To shi kika riƙa gogewa. Ruwan zafin bai kai gindin gashin ba. Can ƙasa akwai irin fata a ɓoye, shi ke tsirowa. Abin da ke tashinsa daga barci ne har yanzu ba mu gama sani ba, shi ya sa nake yawo da leda."

Na ce, "Na cinye irin ke nan?"

Ba ta ruɗe ni ba. Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Ki bar shi mu gani."

Ban taɓa aiki mai wuya irin barin nan ba. In ɗiga ruwan gishiri, in rufe, hannuna yana ƙaiƙayi. Sista takan leƙo ta katanga ta ce, "Ina audugar? Miƙo min ita nan!" Kwana huɗu ba komai, sai ja kawai. Rana ta biyar ɗigo uku suka fito. Autata ta raɗa musu suna: na sama Miga, na tsakiya Kaugama, na ƙasa Kafin Hausa, garin kakarta. Da safe kafin ta sha koko sai ta ce a buɗe ta ga garuruwanta.

Ina tankaɗe wata safiya na ji ihu daga ɗaki, na jefar da rariya. Ashe cewa take, "Inna, Miga ta haɗe da Kaugama!"

Ran Litinin ɗin da sati biyun suka cika, likita ta ɗora sabuwar leda kan tsohuwa, ta ɗaga su wajen taga, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da yarinyar, "Ke 'yar Kafin Hausa, kin fasa zuwa Kano."

Fatar ta rufe, har gashi ya fito. Wuri ɗaya ne ya bar tabo, kusa da idon sawu, faɗin kwabo, inda na fi ba da ƙarfi. Yanzu ita ma uwa ce. In 'ya'yanta suka tambayi tabon, sai ta nuna ni da baki ta ce, "Nan ne kakarku ta yi tsabta."