Harshen Malam Lukuman

Malam Lukuman bai iya riƙe zarto ba, da harshensa yake cin abinci. Shekara talatin yana kasuwar katako ta Jos, aikinsa ɗaya ne: a sauke kaya, ya kankare gefen katako da farce, ya lasa, ya faɗi sunansa. Wannan maɗaci ne, wannan kawo, wannan maje, kada ka kuskura ka ɗora masa kwano. Mu kafintocin Nasarawa Gwom ko guntu ba ma saye sai ya yi magana. Ba shi da fara'a ko ta sisin kwabo, amma bai taɓa yi wa itace ƙarya ba.

A rumfar Alhaji Labaran yake zama. A 1977 gine-gine suka yi yawa, maɗaci ya yi wuya, motoci suka koma kawo tarkacen daji. Alhaji ya ce a haɗa su duka a kira su maɗaci.

"Ba da bakina ba, Alhaji," in ji Lukuman.

Alhaji bai yi musu ba, ya san idon tsohon ya fara hazo. Ya sa aka tafasa ɓawon maɗaci a ganga, aka jiƙa maje a ciki, ya bushe jawur, ga ɗaci.

Sai ga Badung, tsohon malamin firamare da ke gini a Kabong. Ya ce, "Baba, ni ban san katako ba, kai na sani."

Lukuman ya lasa. "Maɗaci ne, Malam. Jikokinka za su gaje shi."

Badung ya saya, ya yi rufin gidansa da shi. Damina biyu kawai rufin ya yi. Ƙwaro ya cinye shi ta ciki, iska ta taso da ƙanƙara, ya rufta wa Firisila matar Badung, ya karya mata ƙugu. Ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba.

Badung ya zo kasuwa riƙe da guntun katakon. Alhaji ya buɗe hannuwa gaban jama'a.

"Ni ɗan kasuwa ne, Malam. Wa ya lasa? Wa ya faɗa maka suna?"

Lukuman ya karɓi guntun, ya ɓalle shi, ya lasa tsakiyarsa. Salam, babu ɗaci. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu da muka ga ganga tana tafasa, kowa ya sunkuyar da kai. Har yau kunyar wannan rana tana cina.

A ranar Alhaji ya kore shi. Tarkacen kuwa ba a daina sayar da shi ba, suna kawai ya samu, kuma ya fi kowane katako tafiya saboda arha. Tsohon ya koma zama bakin ƙofar kasuwa, ba mai miƙa masa ko tsinke ya lasa. Yana nan zaune wata mata ta wuce ta gabansa, ta ɗaga murya:

"Oga, ba ni Lukuman guda goma. Akurkin kaji zan yi."