Abin da Kawu Bai Rufe Ba

Gidanmu a Kurfi gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Na buɗe ido na ga jini kamar yadda ɗan manomi ke ganin taki. Ina shekara bakwai nake wanke tumbi, ina goma nake riƙe ƙafa, ina goma sha biyu na iya fiɗa ba tare da na huda fata ba. Yanka kaɗai ya rage, kuma Baba ya yi min alkawari: ranar kasuwar farko bayan hutu, ni zan sa wuƙa. Shekarata goma sha huɗu, ni ne babban ɗa, kuma duk duniya babu abin da nake so kamar wannan rana.

Hutun kuwa a Dutsin-Ma na yi shi, wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata. Malamin gona ne, ɗan boko mai biro uku a aljihu, kuma a shekarun tamanin ɗin nan shi kaɗai ke da bidiyo a layinsu. Kaset yakan aro ne daga maƙwabcinsa, wani ɗan kudu mai aikin ofis. Bayan la'asar sai a ta da inji, a saki labule, yaran gida da na maƙwabta mu cika tabarma.

Kawu mutum ne mai kula da tarbiyya, kada a ce ban faɗa ba. Yana zama gefen talabijin da tawul a kafaɗa. Da zarar Bature ya matso kusa da Baturiya, sai tawul ya faɗa kan allo. Mu yi ta kallon zanen furen da ke jikinsa, kiɗa na tashi a baya, har sai Kawu ya leƙa ta gefe ya tabbatar an rabu. Wani lokacin leƙen kan ɗan yi tsawo.

Wata rana maƙwabcin ya kawo wani kaset, ya ce wannan fa na manya ne, shi ko 'ya'yansa bai bari sun gani ba. Matar Kawu ta ce to a sallami yara mana. Kawu ya ce ai ya riga ya duba shi, wuri biyu ne kawai marasa kyau, kuma ya san inda suke.

“Sauran duk yanke-yanke ne,” in ji shi. “Mi ye abin kunya ga jini? Ga ma ɗan mahauci nan, shi zai yi muna bayani.”

Na kuwa yi bayani. Fim ne na wani ƙato da ke kama matafiya a wani kango yana daddatsa su. Da aka farke cikin na farko, yara suka rufe ido, ni kuwa na yi dariya. Na ce jinin nan ƙarya ne, ya cika ja, kuma na gaske ba ya tsartuwa haka. Na ce waɗancan hanjin tumaki ne, ko a mafarki na san su. Kawu ya ji daɗi ƙwarai. Tawul ya yi aikinsa sau biyu daidai, aka kare mu daga ganin kafaɗar wata mata, wadda jim kaɗan muka ga an cire mata kafaɗar gaba ɗaya.

Sai aka zo kan wani saurayi. Ƙaton ya kayar da shi, ya danne shi da gwiwa, ya sa babban yatsa ƙarƙashin haɓarsa ya ɗaga, wuya ya miƙe. Wallahi haka Baba yake yi, haka ya koya min, har inda ake ajiye yatsan. Saurayin bai yi ihu ba, ya juyo da ido kawai yana kallon mai wuƙar. Wannan kallon ya shige ni, kuma babu wanda ya lura.

Ban gaya wa kowa ba. Me zan ce? Ɗan mahauci ya ji tsoron talabijin?

Ranar kasuwa ta zo. Baba ya zaɓo min ɗan taure mai sanyin hali, ya wasa wuƙar da kansa. Abokan sana'arsa sun taru a kwata suna tsokanata, wai yau za a ga angon wuƙa. Ƙanena ya riƙe ƙafafu. Na fuskantar da tauren alƙibla, na danne, na sa yatsa ƙarƙashin haɓa, na ɗaga. Na yi bisimilla. Sai ya juyo da ido.

Na sake yin bisimilla. Hannuna ya ƙi sauka, wuƙa na taɓa gashin wuya tana komawa. Tsokanar ta tsaya. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji hannun Baba a kan nawa, ya zare wuƙar a hankali.

“Tashi,” ya ce. “Ba a wahal da dabba.”

Bai zage ni ba, bai buge ni ba, kuma na so a ce ya yi. Sau biyu ya sake gwada ni a bayan gida, inda babu idon jama'a, duk sammakal. Daga nan ya ce wa mahaifiyata a bar ni in yi ta boko. Ƙanena ya yi yankansa na farko yana shekara goma sha uku. Ni na zama malamin makaranta, dangin uwa suna ta murna wai na tsira daga ƙarni. Har yau in Babbar Salla ta zo, ƙanena ke zuwa ya yanka min layya, ni kuwa in sami wani uzuri a cikin ɗaki.

Shekarar da Baba ya yi Sallarsa ta ƙarshe a gidana, wani tsohon abokinsa daga Barkiya ya shigo gaisuwa. Idonsa ya yi rauni, ya dube mu ni da ƙanena, ya tambayi wane ne babban. Baba ya nuna ƙanena, wanda ke durƙushe yana wanke hannu.

“Ga nawa nan,” ya ce. Sannan ya juyo gare ni, cikin ladabin da yake yi wa baƙi. “Wannan kuma Malam ne.”