Wilin Inji a Bakin Randa

Jama'a, ku ji inda na tsinci aikina yau. Wataƙila laifina ne, amma raina ya ɓaci.

Kwana uku ina sassaƙa wilin hannu da itacen maɗaci don injin juya katakon Kawu Bello. Ya ce in ban gama kafin kasuwar Lolo ba, wani zai ba aikin. Na bar wilin a tsakar gida, na dawo babu shi. Ashe Inna ta jiƙa shi ta wanke, ta rufe randa da shi! Ya kumbura, ƙarfen injin ya ƙi shiga ramin da ke tsakiyarsa.

Na ce, "Inna, aikina ne fa."

Ta ce, "Mai digiri, marfi da rami? Na gaba ka toshe shi, ƙuda na shiga."

Kuma gobe ce kasuwar.