Kawu Idi da Gonar Malalaci

Kun san Kawu Idi ba ya kallon fuskar ɗan wasa. In an kunna fim a shagon cajin waya, shi bayan jarumi yake leƙe. Jaruma na kuka, kowa ya yi tsit, sai ka ji muryarsa: "Wannan dawar ba ta ga taki ba."

To, shekarar da 'yan fim suka zo daga Kano neman gona, tasa suka zaɓa saboda tsamiyar nan ta bakin iyaka. Kwana uku muna maimai, ni ɗan ƙanwarsa har hannuna ya yi kanta. "Bana duniya za ta ga gero," in ji shi.

Labarin na 'yan'uwa biyu ne da suka gaji gona. Babban ya duƙufa noma, ƙaramin ya kwanta inuwa yana latsa waya har ciyawa ta cinye rabonsa, a ƙarshe ya dawo da kuka, wansa ya buɗe masa rumbu. Da fim ya fito, sai ga malalacin a kishingiɗe gindin tsamiyar Kawu, ciyawa har gwiwa. Ashe kyamarar sun juya ta wajen saurar maƙwabcinsa Audu, wanda ya tafi Legas. Geron Kawu ko ganye ɗaya bai fito ba.

Ra'ayi ya rabu. Masu sharhi a rediyo suka ce labarin yana jan ƙafa, waƙa ta yi yawa. Matan gidanmu kuwa sau huɗu suka kalla suna share hawaye. Amma daga nan har Minjibir kowa ya san tsamiyar, kuma Malam Hudu mahauci, abokin wasan Kawu, ya laƙaba masa suna Mai Gonar Malalaci. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ba shi da abin alfahari sai gonar nan.

Ya sa na buga masa gidan rediyon.

"Baba, me za ka ce kan saƙon fim ɗin?"

"Ta Audu ce."

"Na'am?"

"Ciyawar. Ta Audu ce. Tawa gonar tana hagu."

Suka katse layin.

Daga nan duk baƙon da ya sauka, sai Kawu ya kai shi gona kafin a ba shi ruwa. Masu neman auren autarsa ma da laka har ƙauri suka zauna gaisuwa.

Ya rasu tsakiyar damina bayan jinyar mako uku, ciyawa ta fara kama gonar da gaske. Washegarin sadakar uku na fita da fartanya, sai na tarar Malam Hudu ya riga ni, da mutum wajen ashirin a bayansa. Mutumin da bai taɓa noma ba, yana sarar ciyawa har da gero a ciki.

"Ba za a ce gaskiya na faɗa ba," ya ce, bai ɗago kai ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa.