Sunan da bakina ba ya faɗa

Na dawo daga kasuwar Cadawa, na tarar da mai ɗakina gaban kwamfutata, tana kallon hotunan da na kulle da kalmar sirri. Duk na ɗiyarmu ta fari ne, tun daga yaye har gama lakol. Ni kuwa, don kunyar ɗan fari, ko sunanta ban taɓa kamawa ba.

Na ce, "Hajiya, wa ya buɗe miki?"

Ta ce, "Malam, sunan da bakinka ya ƙi faɗa, na san yatsanka zai rubuta."

Da ina ganin na fi jandarma iya tsaro. Yanzu gidan duk an san tsoho na son ɗiyarsa. Jama'a, ku a ina kuke ɓoye naku?