Likitar Mushe da Madubin da ke Cikin Akwati

Kawunta ne ya laƙaba mata sunan, ranar da ta dawo gida bayan gama jami'a. Ya tambaye ta wane asibiti za a tura ta. Ta ce ba na mutane ba ne, na dabbobi ne, kuma ko a can ma ba masu rai za ta riƙa dubawa ba, waɗanda suka mutu za ta riƙa feɗewa don ta gano abin da ya kashe su. Kawu ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya dubi ƙanwarsa ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Wasu sun haifi likitan ido, wasu na haƙori, ke kuma kin haifo mana Likitar Mushe."

Aka yi ta dariya, sunan kuwa ya zauna daram. Innarta ce kaɗai ba ta dara ba. Shekara da shekaru, in maƙwabta suka tambayi aikin 'yarta, sai ta ce, "Tana dai aikin ofis," ta sako wata maganar.

Abin da dangin ba su sani ba shi ne a tsakar gidan nan aka shuka mata wannan aiki. Tana ƙarama, awakin Inna suka kama mutuwa ɗaya bayan ɗaya a wata damina. Wannan ta ce baki ne, waccan ta ce an jefa musu wani abu ta katanga, har Inna ta daina gaisawa da maƙwabciyar da suka tashi tare. Yarinyar ta bi manya tana tambaya me ya kashe su, kowa ya ce mata kwana ne ya ƙare. Ita ma ta yarda kwana na ƙarewa, amma ta san ba ya ƙarewa sai da sanadi, kuma haushin rashin amsar nan bai taɓa sakinta ba.

Ɗakin aikinta yana can ƙarshen harabar cibiyar binciken cututtukan dabbobi, bayan wurin ajiye motoci, inda manyan baƙi ba sa isa. Teburin ƙarfe ne a tsakiya mai magudana, da famfo, da ƙugiyoyi a rufi, da jerin wuƙaƙe, da kwalabe cike da yankan hanta da huhu da ƙoda cikin ruwan maganin da ke hana su ruɓa. Warin ruwan nan yakan bi mutum har cikin gashin kai. Manemin aurenta na farko ya zo ɗaukarta wata rana, ya tarar da ita cikin takalmin roba da rigar leda, hannunta ya nutse har kafaɗa a cikin saniya. Ya ce bari ya gyara fakin, har yau bai gama gyarawa ba. Wanda ya aure ta malamin lissafi ne mai fama da mura rani da damina, kuma ita da bakinta take cewa toshewar hancinsa ce ta riƙe auren.

Aikin kuwa ta iya shi. Mai kaji zai zo da matattu a buhu yana rantsuwa guba aka zuba masa, ta buɗe uku ko huɗu, ta nuna masa hanjin ta ce, "Ba wanda ya yi maka komai, alhaji. Ruwan shansu ne, je ka wanke tankinka." Ta sha raba faɗan maƙwabta da wuƙar fiɗa. Abin da ido bai gani ba kuma sai ta yanko shi siriri, ta ɗora a gilashi, ta rina, ta kai ƙarƙashin madubin hangen ƙwayoyin cuta. A nan matsalar take. Madubin ya girme ta a aiki, gilasansa sun yi funfuna, in ka leƙa sai ka ce ta tagar da aka shafa wa mai kake kallo. Ta nemi sabo har bakinta ya gaji.

Rannan sai ga shi wata ƙungiyar agaji ta aiko da sabon madubi, irin wanda ke sa ƙwayar cuta ta yi haske a cikin duhu, har da magungunan gwajinsa. An ma taɓa tura ta kwas a kan irinsa. Ta bi motar da ta kawo shi da gudu kamar yarinya. Sai darakta ya fito, ya shafa akwatin katakon, ya ce a kai sito a kulle. Babban baƙo zai zo ya yanke ƙyalle ya ƙaddamar, kafin nan ba mai taɓawa. Da ƙyar ta samu aka bar ta ta sa magungunan a firij.

Damina ta zo ta wuce, babban baƙo bai zo ba. Yau an ce ya yi tafiya, gobe an ce an canza shi, jibi an ce sabon bai gama zama ba. Kullum ta wuce sito sai ta hango akwatin ta taga, mai sito ya shimfiɗa masa jarida yana cin abincin rana a kai.

Wata safiya wata mata ta shigo ɗakin fiɗa ɗauke da bokiti an rufe da buhu. Mai sayar da gawayi ce, hannuwanta baƙi ƙirin, idanunta sun kumbura. A cikin bokitin kan kare ne.

"'Yata ya ciza, likita. A kumatu. Samarin unguwa suka bi shi suka kashe."

"Kin wanke ciwon da sabulu?"

"Na wanke."

"To me kike yi a nan? Asibiti za ki kai ta a fara mata allura yanzu, ba sai an jira ni ba."

"Daga can nake. Sun ce allurar saura kaɗan, ba za su ba kowa ba sai wanda aka tabbatar karen mahaukaci ne. Su suka ce in kawo miki kan."

Likita ta san cizon fuska ba ya jira, don cutar ba ta da nisan tafiya kafin ta kai ƙwaƙwalwa, in kuwa ta kai, sai dai haƙuri. Ta buɗe ƙoƙon kan, ta ɗebi abin da za ta ɗeba, ta gwada tsohon madubi, ba ta ga komai ba sai hazo. Ta kira darakta a waya, yana wani otal wurin taron bita.

"Ranka ya daɗe, yarinya ce aka ciza a fuska. Ina neman izinin buɗe akwatin."

"Wane akwati? Haba likita, kin fi kowa sanin tsari. Ki aika samfurin babban ofis."

"Kafin ya je ya dawo an yi sadakar yarinyar."

"Kada ki yi mana baki. Rai a hannun Allah yake. In aka buɗe yanzu, me baƙo zai zo ya ƙaddamar, kwali?"

Ya kashe wayar. Ta tsaya tana kallon bango. Ta juya ta ga mai gawayi ta tsuguna a bakin ƙofa, ta kasa zama kan kujera don kada ta ɓata musu ita da baƙi. Wannan ne ya ƙarasa ta. Ta ɗauki guduma da sukudireba ta nufi sito.

Mai sito ya dube ta, ya dubi gudumar. Ya ce, "Anti, ni ina da iyali." Sannan ya ajiye makulli a kan tebur, ya ce cikinsa na murɗawa, bari ya zaga.

Kafin azahar ta haɗa madubin, ta rufe tagogi da barguna, ta leƙa. Ga ƙwayoyin haukan kare nan birjik, ɗige-ɗige kore shar suna ƙyalli. Ba ta tsaya aike ba, ta tare mai babur ta tafi asibitin da kanta, ita da mai gawayi, ta tsaya a kan ma'aikaciyar jinyar har sai da ta ga allura ta shiga jikin yarinyar. Yarinyar ta rayu. Yanzu haka tana da aure, sai ɗan tabo a kumatu.

Da a nan maganar ta tsaya, da Likita ta yafe wa kowa. Amma karen ya kwana yana yawo kafin a kashe shi, kuma ba wanda ya san iyakar waɗanda ya taɓa. Da darakta ya dawo ta same shi, ta ce a sa sanarwa a rediyo, a kuma fita a yi wa karnukan unguwar rigakafi. Ya gyara zama ya yi mata bayani a tsanake, kamar mai koya wa yaro karatu. Madubin da ba a ƙaddamar ba, in ji shi, a wurin hukuma babu shi. Abin da babu shi ba ya fitar da sakamako. Tunda babu sakamako, babu mahaukacin kare. Me za a sanar?

Ta ce, "Ranka ya daɗe, karen bai san ba a ƙaddamar ba."

Ya ce ta fitar masa daga ofis.

Ita da maigidanta suka riƙa bin unguwar gida-gida bayan tashi daga aiki, suna tambaya ko akwai wanda kare ya ciza. Sun samu yara biyu da wata tsohuwa, suka kai su asibiti. Wanda ba su samu ba wani mai turin baro ne da ke kwana a kasuwa, ba shi da gida balle a ƙwanƙwasa masa. Karen ya ɗan yage shi a dunduniya, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da neman abincinsa. Mai gawayi ce ta zo daga baya ta gaya mata yadda ya ƙare: an ɗaure shi a gadon asibiti, yana jin ƙishi, in an miƙo ruwa sai ya firgita ya shiɗe. Rediyonsa na rataye a jikin baron, ta ce, kullum a kunne.

A makon ne aka kafa kwamiti, amma ba don mai baro ba. Don akwati aka kafa shi. Mutum biyar suka zauna a ɗaki mai sanyi, da lemo a gabansu, suna tambayarta wa ya ba ta izinin cire ƙusoshi. Aka kira mai sito, ya rantse bai san yadda makulli ya bar aljihunsa ba, ita kuwa ba ta tona shi ba. Da aka ce ko tana da abin faɗa, ta ce, "An bar jaki ana dukan taiki. Mutum ya mutu yana tsoron ruwa, ku kuna ƙirga ƙusa." Aka rubuta cewa ba ta nuna nadama ba. Wannan kam gaskiya suka rubuta.

Hukuncin shi ne a mayar da ita mayanka, duba nama. Madubin kuma aka kira kafinta ya mayar da shi akwati, aka buga sababbin ƙusoshi, aka ɗaura jan ƙyalle. Da babban baƙo ya zo daga ƙarshe, ba a gayyace ta ba. Mai shara ce ta ba ta labari: an buɗe, an tafa, baƙo ya sunkuya ya leƙa, ba a ma jona wuta ba, ya ɗago ya ce lallai ana gani tar. Magungunan gwajin kuwa tuni sun lalace a firij.

Sun ɗauka mayanka horo ne. Ita kuwa ta tarar da aiki jibge. Da sassafe take isa, ta bi layin ƙugiyoyi tana tsaga huhu, tana latsa hanta, duk abin da ta ga cuta a jikinsa ta sa a zuba masa kananzir a ƙone a gabanta, don ta gano cewa naman da aka ce a binne yakan taso daga kabari ya isa kasuwa kafin ta isa gida. Mahauta suka tsane ta. An sace mata takalmi, an sassauta mata tayar mota, shugabansu ya taɓa tsayawa a gabanta da wuƙa a hannu yana cewa ita wace ce. Ta ce, "Baba, wuƙata ta fi taka kaifi, kuma na fi ka sanin inda ake sokawa. Matsa in wuce." Yaransa suka fashe da dariya, shi ma ya rasa yadda zai yi sai ya dara. Yanzu in zai kai nama gidansa, sai ya kawo mata ta duba tukuna, a ɓoye.

Furfura ta fito mata a mayankar nan. Darakta ya yi ritaya da lambar yabo, an sa hotonsa a bango. In aka ambace shi ba ta zagi, sai dai ta kama wasa wuƙa.

Bara autarta ta ce ita ma karatun likitan dabbobi za ta yi, kuma ɓangaren fiɗa. Likita ta yi faɗa kamar za ta ari baki. Ta lissafa mata wari, da raini, da manyan da ba su san bambancin hanta da saifa ba amma su ke sa hannu. Maigidan yana gefe yana fyace hanci, ya ce, "Ai ke kika ja, kullum a kan abinci sai labarin huhu." Ta harare shi, ta ce wa yarinyar ta shirya gobe ta bi ta, ta gani da idonta.

Ta ba ta takalmin roba da safar hannu da takunkumi, ta kai ta layin da ya fi ƙazanta da gangan. Aka buɗe wata tsohuwar saniya, wari ya bugo. Yarinyar ta toshe baki ta fita da gudu, ana jin kakarinta a bayan tanki. Mahauta suka yi ta dariya, Likita ta ce a ranta shi ke nan, an huta.

Can sai ga ta ta dawo, fuska jiƙe, ido jajur. Ta matso kusa da teburin, ta nuna huhun da yatsa.

"Mama, waɗannan fararen ƙullutan fa, mene ne?"

Likita ta dube ta, takaici ya cika ta, don ta riga ta hango irin ofisoshin da za a kori yarinyar nan daga cikinsu. Ta ja tsaki, ta miƙa mata wuƙar.

"Tarin tibi ne. Gyara takunkuminki. Tsaga nan, a hankali, ki gaya mini abin da kika ji a bakin wuƙar."